Wa Ya Ce Ki Ba Ta Albasa?

Zariya,
3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam Abarshi da yara da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai kewar Ma'u da ta hana ni sakat. Allah ya ji ƙan babanta, ƙanenki Suhaibu, ya kai haske kabarinsa.

Tun da aka ɗauke sabis a Birnin Gwari nake ta kiran lambarki kamar zararriya, har 'yan ɗakinmu suka ce in haƙura, ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Shi ya sa na koma ga takarda. Zan riƙa ba motar Kaduna a kai wa Anti Mairama, 'yar kawunku mai sayar da abinci a tasha, ita kuma ta ba Noah direba maƙwabcinku ya kawo miki. In za ki amsa sai ki bi ta hanyar nan.

Yaya, na san kin raini yara biyar, ba koya miki zan yi ba. Amma Ma'u ba kamar su ba ce. Watanta goma kacal, kuma kin san tun da aka kashe babanta a gona nonona ya ƙafe, ba ta sha abin da 'ya'yanki suka sha ba. Cikinta bai yi ƙwari ba. Don Allah garin gwangwanin nan da na bari shi kaɗai za a riƙa dama mata, da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a ba ta tuwo, kada a ɗanɗana mata miya, kada yara su riƙa tura mata abin da ke hannunsu. Cokalinta daban yake, na ɗaure masa jan zare don kada a haɗa shi da na gida. Kuma gidan sauro nata ne, ba na duk wanda barci ya kwashe a ɗakin ba.

A watan Disamba za mu gama jarrabawar ƙarshe, in sha Allahu. Da ana yarda da goyo a ɗakin kwanan ɗalibai, wallahi da ban bar ta ba. Ki rubuto mini yadda take, abin da take ci, ko haƙori na uku ya fito.

Ni ce ƙanwarki,
Zulaiha

Magajin Gari, Birnin Gwari,
9 ga Oktoba

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. Mu ma lafiya, irin lafiyar mutanen da aka rufe wa kasuwa, aka hana su hawa babur, aka ɗauke musu waya. Malam yana fama da ƙafa. Masararmu tana can wajen Gayam tana bushewa a tsaye, ba mai ƙarfin halin zuwa ya karya ta.

Na karanta dokokinki, na kuma karanta wa Malam. Ya ce ko bariki iyakar abin ke nan.

To ga labarin 'yarki. Haƙori ya fito. Garin gwangwani kuwa, tun ranar da kika juya baya take damƙe baki in ta hango cokalin nan mai jan zare. Na yi rarrashi, na yi waƙa, na sa yara sun yi mata rawa, sai ta kawar da kai ta yi ta kuka har muryarta ta dishe. Na dama kunun masara, ta tofar mini a zane. Na aika a nemo madara, aka ce mai shagon ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa. Kifi babu, ƙwai babu. Abin da ke ɗakin ajiyata masara ce da wake da dankali da rabin buhun albasa.

Da ta ɗauki kwanaki ba ta ci abin kirki ba, jikinta ya saki, idonta ya faɗa, sai na niƙa albasa na dafa da ɗan man gyaɗa har ta narke, na cuɗa da dankali na ba ta. Ta lasa, ta dube ni, ta buɗe baki da kanta. Tun daga ranar ba mu sake faɗa da ita a kan abinci ba. Haka innarmu ta yi wa ubanta da aka yaye shi, ni ce mai niƙan, kuma ya girma ya zama mutumin da kika gani kika so.

Gidan sauro yana kanta, ni nake kwana da ita a ciki, sai dai in ni ma ina cikin waɗanda aka hana.

Magana ɗaya zan ƙara. Wadda ta fita takaba ranar Juma'a ta ɗauki jaka ranar Litinin, bai kamata ta tsawaita wa masu riƙe mata 'ya doka ba.

Ki huta lafiya.
Huseina

Zariya,
16 ga Oktoba

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, Allah ya ba Malam lafiya. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba, don tun da na buɗe wasiƙarki ban ci abinci ba.

Takardar ta zo mini jage-jage da manja. Anti Mairama ta aiko cewa a cikin kayan miyar wani fasinja Noah ya cusa ta. Tsakiyarta duk ta dame. Na ɗaga ta a rana, na juya ta, na kira 'yan ɗakinmu sun taya ni dubawa. Abin da ya fito shi ne: "jikinta ya saki, idonta ya," sai mai, sannan "sai na niƙa albasa," sai mai kuma, sannan "na ba ta." Abin mamaki, layin da kika yi mini gorin takaba ko ɗigon mai bai taɓa shi ba.

Yaya, me ya sami 'yata? Jijjiga ta yi? Idonta ya juye ne? Ki gaya mini gaskiya don girman Allah.

Wa ya ce ki ba ta albasa?

Ban taɓa ba ki labarin Salmanu ba, ƙanena da ke bi mini, amma Suhaibu ya sani. Ina firamare lokacin, shi kuma yana tatata. Zazzaɓi ya kama shi, da yamma sai ya hau jijjiga, idonsa ya kafe. Tsofaffin gidanmu suka daka ɗanyar albasa, wata ta danne shi, wata ta tura masa cokali ta buɗe haƙoransa, aka matse masa ruwan a baki da ido. Ina tsaye ina kallo, ni aka aika na ɗauko turmin. Ya shaƙe, ruwan ya fito ta hancinsa. Kafin a samo motar asibiti ya cika a cinyar mamana. Da aka naɗe shi a likkafani warin albasa yake yi. Har yau in ana yanka ta a kusa da ni sai na tashi.

Asibiti yana nan cikin gari, ba a daji yake ba. Anti Dinah da ke bayan gidanku a can take aiki. Me ya hana ki ƙwanƙwasa mata ƙofa? Ko don kada a ce matar Malam Abarshi ta kasa da yarinya? Na bar miki ita ne don na ɗauka ta fi tsira a hannunki, ba don a gwada mata maganin zamanin jahiliyya ba. Na rasa ubanta a hannun mutanen daji, ba zan rasa ta a hannun 'yan uwansa ba.

Da kin karanta wannan ki ɗauke ta ki kai ta asibiti. In wani abu ya same ta, ban yafe ba duniya da lahira.

Zulaiha

Magajin Gari,
24 ga Oktoba

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ma'u tana lafiya, tana zaune a gabana yanzu tana jan gefen takardar nan. Na fara da wannan ne don ki samu ki ci abinci, kada a ce yunwarki ma ni ce.

Ni kika haɗa da mutanen daji a layi ɗaya? Ni da na goyi Suhaibu a bayan nan nawa tun ina 'yar talla, ni da na wanke jinin da ke rigarsa da aka kawo shi daga Dogon Dawa, ke kina ɗaki an riƙe ki? Allah ya ji ƙan ƙanenki, ban san da labarinsa ba, kuma na tausaya. Amma mutuwarsa ba ta ba ki damar ɗora mini abin da ban yi ba. Mai ya ci rabin magana, sai ki cike sauran da mugun zato. Na san mahaifiyarki, mace mai kunya da sanyin baki. Gaskiyar masu magana, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ba jijjiga, ba suma, ba ɗanyar albasa. Yunwa ce ta sakar mata jiki, kuma dafawa na yi. Nakan ɓare fara guda, in niƙa ta a dutse, in zuba a ƙaramar tukunya da ruwa kaɗan da ɗigon man gyaɗa, in rage wuta, in yi ta juyawa har yajin ya fita ta koma zaƙi-zaƙi. Wani lokaci da dankali, wani lokaci da wake da na surfe na cire masa ƙowa. Wannan ne maganin jahiliyyar.

Tun da kin sa ni a gaba, na ɗauke ta da takardarki na kai wa Dinah. Ta karanta, ta ce, "Maman yara, tsoro ne ke magana a nan, ba raini ba." Na ce tsoro ba ya cewa ban yafe ba. Ta ɗora Ma'u a sikeli, ta duba idonta da harshenta, ta ce ta ƙara nauyi. Ta ce dafaffiyar albasa ba ta yi wa yaro mai watanninta komai, in dai an fara da kaɗan an ga bai yi ƙuraje ko gudawa ba. Sai ta tambaye ni, "Kina sa gishiri?" Na ce ɗan kaɗan, da ɓarin dunƙule, wa zai ci abu lami? Ta ce in daina duka biyun, ƙodar jariri ba ta ɗaukar su. Na daina. Na rubuta miki wannan da hannuna don kada ki ji a bakin wani ki ce na ɓoye. Da farko ma na cika mata, cikinta ya ɗan kumbura ta yi ta tusa, na rage, ya wuce.

Ki zauna ki yi karatunki tun da shi kika zaɓa. Ma'u ta saba, ba ta neman kowa. In ta farka ni take miƙa wa hannu. A gidan dangin ubanta take, tana cin abin da ubanta ya ci, kuma nan ne wurinta.

Huseina

Zariya,
30 ga Oktoba

Yaya Huseina,

Salamu alaikum. Na gode wa Allah da Ma'u take lafiya. Na yi kuskuren karatu, wannan na yarda. Amma wannan karon takardarki ta zo tsaf, ba mai ba ruwa, kuma na karanta layin ƙarshe da kyau.

"Nan ne wurinta." Yanzu na gane.

Ranar sadakar arba'in ɗin Suhaibu ina kwance a ɗaki, kuna tsakar gida ke da gwaggonninku. Kun ɗauka barci nake yi. Na ji wata ta ce, "Yarinya ce, aure za ta sake, 'ya kuwa da an yaye ta ta dangin uba ce." Ban ji kin ce a'a ba. Na haɗiye, na ce baƙin ciki ne ke sa mutane magana. Ashe lissafi ne. Ga shi an saba mata da tukunyarku, an saba mata da hannunki, har kina yi mini albishir cewa ba ta neman kowa. Ni ce kowa ɗin, ko? Ni da na ɗauki cikinta, na haife ta, na shayar da ita har ranar da aka shigo mini da gawar ubanta.

Kina cewa karatu na zaɓa. Suhaibu ne ya kawo ni makarantar nan da kansa, ya ce ko bayan ransa in gama. In ban gama na samu aikin koyarwa ba, da me zan riƙe ta? Da masarar da ke bushewa a Gayam?

Kuma kin ba jaririya gishiri da dunƙule har sai da wata ta hana ki. Da ban yi faɗan da kike jin haushi ba, da ba ki je wurin Anti Dinah ba, da har yau kina zuba mata. Ashe zagin nawa ya yi rana.

Na samu ɗaki a wajen makaranta. Matar mai gidan tsohuwa ce mai kirki, ta ce za ta riƙe mini ita in na shiga aji. Saboda haka ki sa mini 'yata a mota. Ki kawo ta Kaduna wurin Anti Mairama, ni zan zo in ɗauka. In kin kawo ta, na san zargina banza ne, zan durƙusa in ba ki haƙuri. In kin ƙi, to na san abin da ake shiryawa, kuma wallahi sai alƙali ya raba mu.

Zulaiha

Zariya,
6 ga Nuwamba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban ga amsarki ba, ban sani ba ko fushi ne ko mota ce ba ta fito ba.

Yau a makaranta na haɗu da wata 'yar Kuyello, can yankinku, da iyayenta suka zo. Sun ce tun da aka rufe kasuwanni mutanen daji sun rasa abinci, sun dawo kan hanya gaba ɗaya, ko ayari mai rakiya ba su bari ba. Sun ce wanda ya fito daga Birnin Gwari yanzu sai ya yi sallama da iyalinsa tukuna.

Yaya, kada ki taso. Na janye maganar mota. Na rubuta ta ne cikin zafi, ban tsaya na tuna wace hanya nake cewa a ɗora ta a kai ba. Maganar alƙali ma ki ajiye ta, za mu yi ta ido da ido in na gama. Ban canza ra'ayi a kan inda Ma'u za ta zauna ba, amma ba yanzu ba, ba ta wannan hanyar ba. Ki ci gaba da ba ta abin da take ci.

Na roƙi Anti Mairama ta ba duk direban da ya fara tashi, kada ta jira Noah. Don Allah ki amsa ko da layi ɗaya ne, in san ta same ki.

Zulaiha

Kaduna, gidan Mairama,
10 ga Nuwamba

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. 'Yarki tana raye, ba ko ƙwarzane a jikinta. Tana nan Kaduna. Ki zo ki ɗauka.

Takardarki ta janyewa a nan na same ta, a ƙarƙashin farantin Mairama, don ba motar da ta shiga garinmu tun ranar da kika rubuta. Na karanta ta ana cire mini ƙaya a ƙafa. Ta yi kyau. Da ta zo da wuri da ta fi kyau.

Da takardarki mai maganar alƙali ta iso, Malam ya ce in yi banza da ke. Dinah ta zo har gida ta ce kada in fita. Ban ji ba. Na ce ba za a tsayar da ni gaban alƙali a ce na saci 'yar ƙanena ba. Wannan taurin kan nawa ne, ba naki ba, kuma ni zan amsa shi gaban Allah. Amma ke kika ɗora mini rantsuwa.

Shekaranjiya da hantsi muka taso cikin ayari, a motar Noah. Bayan mun wuce Udawa tayarmu ta yi faci, kafin ya canza ta sauran motoci sun yi nisa. Mun tashi ke nan sai harbi daga gaba. Noah ya juya kan motar ya faɗa da ita gefen hanya, yana ihu, "Ku fita! Ku shiga ciyawa!" Na fita da Ma'u a ƙirji, takalmina ya tsaya a mota. Na yi ta gudu cikin ƙaya da tofa har na faɗa wani kwari mai duhuwa. Na tarar da mutum huɗu a ciki, da wani dattijo mai farin gemu da ke zaune kusa da ni a mota.

Muna jin baburansu suna kai da kawowa a samanmu. Muna jin suna kiran waɗanda suka kama suna cewa su tashi. Sai Ma'u ta fara wannan ƙananan kukan da take yi kafin babban. Kin san shi. Na rufe ta da mayafi, ta ture. Na jijjiga ta, ta ƙara. Dattijon nan da ya yi ta yi mata wasa a mota ya matso kunnena ya ce, "Baiwar Allah, ko ki toshe mata baki, ko ki fita da ita daga nan." Wata mata ta miƙo hannu za ta yi da kanta. Na kama hannun na murɗe.

Da safe na dafa mata albasa da dankali na zuba a 'yar roba, na ƙulle a haɓar zanena don hanya. Jakata ta tafi, amma ƙullin yana nan. Na kwance da haƙori, na lakato da yatsa na sa mata a baki. Ta tsotsa. Na sake lakatowa. Haka na yi ta yi, kaɗan-kaɗan, ina shafa mata a dasashi don kada ya ƙare da wuri, ina karanta duk abin da na iya a zuci. Da robar ta ƙare na bar mata yatsan, ta yi ta tsotsa har barci ya ɗauke ta. Sai wajen la'asar muka ji jiniyar sojoji, muka fito da rarrafe.

An harbi Noah a kafaɗa, yana asibiti, an ce zai tashi. An tafi da mutum uku daga motarmu, har da wata yarinya da za a kai gwajin ido. Ban san sunanta ba, na dai ba ta gyaɗa a hanya.

Kin ce in na kawo ta za ki durƙusa. Ki riƙe durƙusonki, ba na so. Maganar ranar arba'in kuwa, gaskiya ne ban ce a'a ba. Na so ta zauna wurina, har yanzu ina so, don in na dubi goshinta shi nake gani. Amma so daban, sata daban.

Gobe akwai ayari mai komawa, zan bi. Na roƙi Mairama kada ta aika miki da wannan sai na tashi. Ba na son ganinki yanzu, don ban san abin da bakina zai faɗa ba, kuma a gaban yarinyar ne.

Huseina

Zariya,
21 ga Nuwamba

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Anti Mairama ta aiko cewa kun isa gida lafiya, na yi wa Allah godiya. Yaya ƙafarki? Yaya Malam? Na je asibiti na duba Noah ranar da na ɗauko Ma'u, ya ce in gaishe ki, ya ce bai taɓa ganin mace mai gudu irin naki ba.

Na fara wannan wasiƙa na yaga ban san sau nawa ba. Kin ce ba kya son durƙuso, to ba zan yi ba. Abin da zan ce shi ne, ni na ɗora ku a hanyar nan, kuma na sani. Ko kin ce taurin kanki ne, ni na san wanda ya rubuta takardar.

Da na shiga gidan Anti Mairama, Ma'u ta dube ni ta ɓuya a bayanta. Na ɗauke ta tana ƙwala ihu tana leƙa ƙofa. Har yanzu in an taɓa ƙofar ɗakinmu sai ta juya ta ce "Gwaggo." Ba na jin daɗin hakan, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba na hana ta.

Ina dafa mata. Ranar farko da na ɓare albasar sai da na fita waje na yi amai, tsohuwar gidan ta ce in kawo ta yi mini, na ce a'a. Na ƙona tukunyar farko. Yanzu tana ci, ko da yake tana yi mini wani kallo kafin ta buɗe baki.

Jiya ta saki gefen gado ta tako zuwa wurina, ta faɗi, ta tashi ta sake. Na waiga in kira wani ya gani, ba kowa a ɗakin. Ke ya kamata ki gani, ke kika kai ta nan.

Maganar inda za ta zauna tana nan yadda na faɗa, wurina za ta zauna. Amma ba zan raba ta da ku ba, in kin yarda.

Ƙanwarki,
Zulaiha

Magajin Gari,
29 ga Nuwamba

Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Ƙafa ta yi ruwa, Dinah ta tsaga ta fitar da sauran ƙayar, yanzu ina takawa. Malam yana gaishe ki. Ni ban kai ga gaishe ki ba tukuna.

Biyu daga mutanen motarmu sun dawo. Yarinyar ba ta dawo ba. Ki sa ta a addu'a, tun da ke da ni muna da hannu a abin da ya kusa samun mu, ita kuwa ba ta rubuta wa kowa takarda ba.

Ban huce ba, kada ki ɗauka wannan amsar sulhu ce. In na kwanta har yanzu ina jin hannun matar nan yana zuwa bakin Ma'u, sai in tashi zaune in ji ina son in zage ki. Ranar da ya daina zan gaya miki.

Kin ce ta fara tafiya. Tsakar gidan haya ba ta rasa ƙusa da fasasshiyar kwalba, kada ki bar ta ƙafa a ƙasa. Ki samu zare ki auna tafin ƙafarta daga dunduniya zuwa babban yatsa, ki yanke, ki naɗe a cikin takardar da za ki aiko. Ni zan saya mata takalmin farko. Kada ki riga ni.

Huseina